Irin Geron Nomau

Hajiya Hikima ta shekara arba'in da ɗaya tana shuka gero a saman bene a unguwar Bani Malik ta Jidda, cikin tsofaffin bokitan fenti da galan-galan na man girki da aka yanke musu kai. Maƙwabta sun yi dariya har sun gaji sun bari. Abin da take girba a shekara bai isa kunun kwana uku ba, ita ma ta san da haka, ai ba don ci take yi ba. Iri take riƙe da shi, irin da kakan mahaifinta Nomau ya taho da shi daga ƙasar Hausa tun Jidda tana cikin ganuwa. Ƙa'idar iri kuwa ɗaya ce: a shuka shi duk shekara, a zaɓi zangarniyar da ta fi cika a ajiye wa baɗi. In aka bar shi ya daɗe a ajiye, mutuwa yake yi a cikin fatarsa, ido na ganinsa kamar lafiya lau.

Sai aka yi mata aiki a gwiwa, kafin ta warke kuma mai gidan da suke haya ya sayar da gidan. Ta koma unguwar Waziriyya wajen 'yarta, inda ƙofar saman bene take a kulle da kwado. A hargitsin tashi ne ta naɗe zangarniya goma sha biyu a cikin tsohon zane ta miƙa wa Abdulghaffar, ɗan yayanta marigayi, don shi ne babban namiji a zuri'ar kuma gidansa ba ya motsi. Shekara uku ke nan. Bana mai gadin benen ya ga tsohuwa ta dame shi da zuwa safe da yamma, ya ba ta makulli don ya huta. Zafi ya fara raguwa, lokacin shuka ya zo, ta sa aka kai ta gidan Abdulghaffar da hantsi ta karɓo kayanta.

Tana shiga falo ta ga zangarniyoyin. Suna jikin bango, sama da talabijin, a cikin wani ƙaton firam mai gilashi, an jera su shida ta nan shida ta can a kan koren ƙyalle, suna ƙyalli kamar an shafa musu man shanu. A tsakiyarsu rubutun Larabci ne da ruwan zinare. Ta nemi kujera mafi kusa ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba.

Abdulghaffar mutum ne mai shekara hamsin da takwas, ma'aikacin wani kamfanin fiton kaya a tashar jirgin ruwa, mai son abu ya fito tsaf. Akwai irin mutanen nan da in suna son abu sai sun sa shi a gilashi hankalinsu yake kwanciya, to shi yana sahun gaba a cikinsu. Ya fito da fara'arsa, ya durƙusa ya sumbaci kanta.

"Gwaggo, ahlan wa sahlan. Kin ga aikin? Wata uku mutumin ya yi yana haɗa shi. Na so ki gani da idonki shi ya sa ban faɗa miki ba."

"Me aka shafa musu?"

"Man da kafintoci ke fesa wa katako. Ya ce in an fesa, halas, shi ke nan, ƙwaro ba zai taɓa su ba ko shekara ɗari."

Ta ƙura wa gilashin ido. Ya ɗauka daɗi ne ya hana ta magana, sai ya gyara tsayuwa ya karanta mata rubutun, yana bi yana juya shi da Hausarsa mai ɗanɗanon Hijaz. Shehu Nu'uman, wakilin jama'a, ɗan majalisar shawara shekara goma sha bakwai, mai hikima da fasahar zance, wanda manya suka riƙa sauraron maganarsa, ya bar kujera don kansa da girma da daraja.

"Wane ne wannan?" in ji ta.

"Kakanmu mana, Gwaggo."

"To ni ban san shi ba. Wanda na sani sunansa Nomau, kuma Larabcinsa har ya mutu in ya yi sai yara sun ɓoye baki."

Ita daga bakin kakarta ta ji labarin, kakar da aka kawo gidan Nomau tana amarya ta tarar da shi tsoho. Babu takarda ko ɗaya, kuma Hikima ba ta taɓa cewa akwai ba. Abin da aka faɗa mata shi ne, Nomau manomi ne a wani ƙauye a ƙasar Zamfara, ya tashi da matarsa Tasalla da niyyar Hajji, suka shekara bakwai a hanya. Ba tafiya suke yi ba tsayawa ba. Duk inda damina ta riske su sai su nemi aron fili su shuka, su girbe, su ci, su ware iri, su ƙara gaba. Haka suka ratsa Barno da Wadai da Darfur har suka hau jirgin ruwa a Sawakin, geron yana sabunta kansa a kowane zango. Da suka sauke farali ƙafa ta ƙi komawa. Ya sami fili a wani kwari, tafiyar yini daga Jidda, a can ƙarshen kwarin inda ba wanda yake so, tare da sauran Takari irinsa.

Noman wurin ba na ruwan sama ba ne irin na gida. Ruwa yakan sauka a kan duwatsu ya gangaro ta kwarin sau biyu ko uku a shekara, wanda ya tare ya sha. Mutanen sama su ne masu asali da ƙarfi, sukan tayar da gefen ƙasa su datse, na ƙasa sai abin da ya tsiyaye. Rigima ta yi yawa har aka zubar da jini, sai hukumar wancan zamani ta ce kowace unguwa ta kwarin ta fitar da wakili, a riƙa zama a gari farkon kowane wata. Takari suka fitar da Nomau. Ba don iya magana ba. Sun lura dai cewa shi mutum ne da ba a iya korarsa da gajiya, in ya zauna jiran amsa sai ya ji ta.

"Shekara uku," in ji Hikima, "ba abin da ya samo musu sai dariya. Yana buɗe baki a ce ya maimaita, ya maimaita a sake cewa ya maimaita. A ta huɗu ya bar magana. Duk zama sai ya zo da zangarniya biyu, ɗaya daga gonar sama, ɗaya daga tasu, ya ajiye a tsakiyar shimfiɗa ya koma ya zauna. Ta sama kamar damtse, tasu kamar yatsa. Wata goma yana haka. Har wani dattijo daga cikin na sama ya ce shi kam ya gaji da cin abinci da wannan abu a ransa."

Nan aka yi dokar da mutanen kwarin suka daɗe suna kira da sunansa: ruwan farko na mutanen sama ne, na biyu kuwa dole a fasa datsiya a bar shi ya gangara har ƙarshe. Daga nan sunansa ya tashi. Aka ba shi alkyabba, aka ba shi ɗaki a gari don kada ya riƙa wahalar hanya, ana kiransa sasanta rigimar rijiya da ta iyakar gona har a wasu kwaruruwa. Ya yi abin kirki da yawa, Hikima ba ta rage masa ko ɗaya ba.

"To ai shi ne na rubuta, Gwaggo," in ji Abdulghaffar.

"Ka rubuta ya bar kujera da girma da daraja. Ka san abin da ya sauke shi?"

Bai sani ba. Matarsa Arwa ta shigo da shayi ta ajiye, ta dubi fuskokinsu, ta koma ciki da sauri.

Abin da ya faru, kamar yadda ta faɗa masa, shi ne zaman gari ya yi wa Nomau daɗi, kamar yadda yake yi wa kowa. Ya shekara huɗu bai riƙe fartanya ba, gona tana hannun Tasalla da 'ya'yanta. Wata shekara na sama suka kawo magana a majalisa cewa a ɗaga ranar fasa datsiya da kwana goma, suka kawo dalilai masu daɗin ji, shi kuma ya ga kwana goma ba wani abu ba ne, ya amince da sunan mutanensa. A cikin kwana goman nan shukar ƙarshen kwari ta ƙone ƙurmus. Gidaje talatin suka shiga yunwa. Da ya dawo gida ba wanda ya zage shi, abin da ya fi ciwo ke nan. Tasalla ce kawai ta ce masa duk wanda ya tura yatsa a ƙasar nan a makon nan ba zai yarda da ko kwana biyu ba. Wata na gaba ya je majalisa ya faɗi kuskurensa da bakinsa, ya naɗe alkyabba ya ajiye, ya ce a zaɓo wanda hannunsa ke cikin ƙasa. Ya koma gona ya shekara tara, a can ya rasu. Irin da ya tsira a shekarar yunwar kuwa, cikin tulu Tasalla ta ɓoye shi ta liƙe baki da laka don kada yara su ci.

Abdulghaffar ya ajiye kofin shayinsa. Da ya yi magana muryarsa ta sauka.

"Gwaggo, ke ba ki yi makaranta a garin nan ba. Ni na yi, 'ya'yana sun yi. An haife mu a nan, ubanmu a nan aka haife shi, amma har yau in yaro ya yi faɗa da ɗan uwansa sai a tuna masa kakanninsa masu dako ne da shara. Na so in baƙo ya shigo gidana, in surukai suka zo, su ɗaga kai su ga mu ma namu ya zauna da manya. Laifi ne?"

Ta ji tausayinsa, don ta san abin da yake faɗa gaskiya ne. Ta tuna shi yana ƙarami ya dawo da riga a yage ya ƙi faɗin dalili. Amma lokacin shuka ba ya jiran tausayi.

"Ba laifi ba ne. Rubutunka ka bar shi a bango, ka ƙara masa zinare in kana so. Geron nake so ka fito min da shi. Yau."

"An liƙe shi da gam ta baya. In na buɗe ya lalace."

"In ba ka buɗe ba shi ke nan, in ma bai riga ya mutu ba. Shekara uku, ga wannan abin da ka fesa. Abdulghaffar, mutane nawa suka riƙe irin nan kafin ya zo hannuna? A hannuna zai ƙare?"

Nan ya ɗago, fuskarsa ta canza.

"Mutuwa? Gero yana mutuwa?"

"Kai ɗan gidan nan ne kake tambayata?"

"Wallahil azim ban sani ba! Wa ya gaya min? Tun ina yaro, in na sa ƙafa a matakalar sutuh zan hau saman bene sai ki biyo ni da takalmi. Ni, da Sajida 'yarki, da kowa. Kar ku taɓa, kar ku karya, kar ku zubar min da ruwa. Mu dai mun san Gwaggo tana da wani abu a sama da ba a zuwa kusa da shi. Kika ba ni a zane kika ce na Kaka ne. Na ɗauka abin tarihi ne. Da na san rai gare shi zan sa a fesa masa wannan?"

Ta sunkuyar da kai.

Shi da kansa ya hau kujera ya sauko da firam ɗin, ya kife shi a kan kafet, ya sa wuƙar kicin ya bi gefen. Koren ƙyallen ya yage. Zangarniyoyin suka fito a sandare, in an ƙwanƙwasa suna ƙara kamar roba. Hikima ta karya ɗaya ta duba. Man ya rufe waje duka, amma ta gefen da ya kwanta a jikin ƙyallen akwai siririn layi da bai samu ba. Suka zauna su biyu a ƙasa har azahar suna tsince ƙwayoyin layin nan da farce, ɗaya bayan ɗaya. Duka abin da suka samu bai cika kofin shayi ba.

A gida ta yi abin da kakarta ta koya mata. Ta jiƙa tsumma mai tsabta ta matse, ta baza ƙwayoyin a kai, ta naɗe, ta sa a kwano ta rufe ta ajiye bayan ƙofar kicin. A da, ƙwaya goma kawai ake gwadawa a ga ƙarfin iri. Wannan karon duka ta sa, don ba ta da na ajiyewa.

Kwana huɗu ake jira, kuma ba a buɗewa sai dai a yayyafa ruwa. A kwanakin nan ta yi ta kai da kawo da maganar Abdulghaffar. Da farko haushi ta ji, ta yi ta jera wa kanta hujjoji: yara ɓarna gare su, bokiti ashirin ne kawai, in suka karya ina za ta samo wani? Duk gaskiya ne. Amma ita fa tana da shekara shida kakarta ta danƙa mata sungumi, ta ɓata rami nawa, ta taka shuka nawa, ba a taɓa korarta ba. Tsohuwar takan ja tsaki ne kawai ta ce a sake. Ita kuwa da abin ya zo hannunta sai ta kama shi ƙam, don daɗin a ce ita kaɗai ta iya. Ta sha ba da labarin Nomau tana jin daɗin wurin da ya ajiye alkyabba, ba ta taɓa kawowa a ranta cewa akwai abin da ita ma ya kamata ta ajiye ba. Wannan tunanin ya yi mata zafi, har Sajida ta tambaye ta ko gwiwar ce ta tashi.

Ranar Juma'a da safe Abdulghaffar ya zo ba a kira shi ba, da farar jallabiyarsa ta masallaci. Ya tsaya a bakin ƙofar kicin kamar mai jiran sakamakon asibiti. Ta ɗauko kwanon ta yi bisimilla ta warware tsumman. Wari ne ya fara fitowa. Yawanci sun kumbura sun ruɓe, wasu sun yi furfura. Ta sa tabarau ta bi su da tsinke a hankali, tana ture matattun gefe. Can ta ga wani farin abu siriri kamar zare ya leƙo daga wata ƙwaya. Ta ci gaba da nema har ta gama. Tara ne.

"Tara," in ji Abdulghaffar. "Sun isa?"

"In Allah ya raya su, tsuntsu bai ci ba, sun isa."

Lif ɗin benen yana tsayawa a hawa na huɗu, daga nan matakala goma sha shida ce zuwa sama. Ya riƙe ta suka hau, tana hutawa duk bayan uku. Bokitan suna nan a jere, ta riga ta sa an cika su da ƙasa da taki an jiƙa tun jiya. Ya ja mata kujerar roba zuwa gaban na farko, ya ajiye kwanon a cinyarta, ya ja da baya ya tsaya nesa, hannuwansa a baya.

Ta dubi inda ya tsaya. Babban mutum mai jikoki, ya tsaya daidai inda yaro zai tsaya in yana tsoron duka. Hannunta lafiya lau yake, ba ya rawa, minti biyar ya ishe ta ta gama da duka taran ba tare da ta yi asarar ko ɗaya ba. Ta kuma san shekarunta saba'in da huɗu.

"Zo nan. Naɗe hannun rigarka."

"Gwaggo, ni? La, la, a'a. Tara ne kawai."

"Na iya ƙirga. Tsuguna. Tura yatsanka a ƙasar, gaɓa ɗaya, kada ka wuce. Me ka ji?"

"Sanyi. Tana ɗan kama yatsa."

"To haka ake so. In ta yi caɓi a jira, in ta zube kamar gari a ƙara ruwa. Yanzu ɗauki ƙwaya ɗaya, farin zaren ya dubi ƙasa."

Ya miƙo manyan yatsunsa da suka saba da biro da waya. Ya kama ƙwayar da kyar, ta maƙale a jikin tsumman, ya ɗan ja. Farin zaren ya tsinke ya zauna a kan tsumma, ƙwayar tana hannunsa. Ya ɗago ya dube ta.

Hannunta na dama ya riga ya tashi zai fizge kwanon, bakinta ya cika da maganar da ta shekara arba'in tana faɗa. Ta mayar da hannun ta danne shi da ɗayan a kan cinyarta.

"Saura takwas," ta ce. "Jiƙa yatsanka tukuna, sai ta biyo ka da kanta. Ɗauki ta gaba."